Zaman Dirshan na Ignas Bielak

A duk ma'aikatan kamfanin motoci na Harlan-Boyce da ke Detroit, babu wanda ya kai Ignas Bielak, wani ɗan asalin Poland, gudun rigima. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaura kujerun baya a motoci, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In foman, wato mai kula da ma'aikata, ya daka masa tsawa, sai ya cire hula ya ce ya gode. Sau uku Dewey Haskell, wani dogon mutumin Kentucky mai tauna taba, yana kawo masa katin ƙungiyar ƙwadago ya sa hannu, sau uku Ignas yana cewa ya manto tabaraunsa a gida. Alhali kuwa bai taɓa mallakar tabarau ba.

Gidansa ɗaki uku ne a saman shagon wani mahauci. A ciki akwai matarsa Rozalia, da 'ya'yansu biyar, da surukarsa wadda duk unguwa ke kira Babciya, da Feliks ƙanin Rozalia, wanda ya zo yin kwana biyu lokacin da aiki ya yi wuya a ƙasa, ya shekara huɗu, yana koyon busa begila. Babciya ta kama gadon ƙarfe saboda ciwon baya. Sauran gadajen yara sun cika su. Shi maigidan, kujerun cin abinci uku ake jera masa a kicin, kansa kusa da bokitin kwal. Da ya juya sai ta tsakiyar ta zame, ya rage kai da ƙafa a sama, gindi a ƙasa.

Wata Talata a cikin Janairun 1937, foman Mista Thurlow Crane ya sake ƙara wa layin haɗa motoci gudu, karo na uku a wata guda. Motoci suka dinga wucewa ta gaban mutane kamar an biyo su. Wani dattijo ya bi mota da ƙofa a hannu tun daga tsakiyar layi har ƙarshe, bai samu ya ɗaura ta ba. Dewey ya tofar da taba, ya haye benci, ya kashe wutar injin. Wuri ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan famfo.

"'Yan'uwa, kowa ya nemi wuri ya zauna!" in ji Dewey. "Ba mai aiki, ba mai fita, sai sun saurare mu!"

Ignas ya ɗauki gwangwanin abincinsa ya nufi ƙofa a hankali, yana bin bango. Ya tarar har masu walda sun liƙe ta, an kuma jibga gangar jikin mota biyu a bayanta.

"Ɗan'uwa Bielak, sai ina?" Dewey ne a bayansa.

"Gida. Matata za ta yi faɗa."

"Duk wanda ka gani a nan yana da matar da za ta yi faɗa. Je ka zauna."

Ignas ya koma yana ta salallami a ransa. Benci duk an cika. Sai idonsa ya faɗa kan motar da ke kan gaba a layi, irin wadda kamfani ke kira Regent, ta manyan masu kuɗi, kujerarta ta baya an lulluɓe ta da karan-miski ruwan toka. Irin wannan kujerar ya ɗaura ta fi a ƙirga, amma bai taɓa ɗora mata gindi ba, don doka ta hana. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya shiga. Kujerar ta karɓe shi kamar ta daɗe tana jiransa. Ya ce bari ya ɗan miƙe ƙafa na minti biyar.

Bai farka ba sai washegari, hantsi ya dubi ludayi. Ya yi miƙa, ya saurara. Babu begila. Babu tarin Babciya. Babu yaron da ya taka masa ciki a hanyar zuwa famfo. Bayansa da ya shekara yana ciwo ya yi lafiya lau. Yana cikin mamakin haka sai ya ji ana kiran abinci. Matan ma'aikata sun kafa tukwane a ofishin ƙungiya, ana jawo abincin ta taga da igiya: miyar wake da nama, burodi mai zafi, tsiran-alade irin na Poland da ake kira kilbasa, da kofi iya shanka. Ignas ya ci, ba wanda ya miƙo hannu cikin kwanonsa. Da rana aka yi karta. Wani ya yi masa aski kyauta.

A rana ta huɗu da ƙafarsa ya je wurin Dewey ya ce a ba shi katin nan.

"Tabarau fa?" in ji Dewey.

"Idona ya buɗe, ɗan'uwa."

Rana ta tara kamfani ya aiko da takarda: an yarda a rage gudun layi, kowa ya koma aiki. Aka taru a sashen fenti, Dewey ya karanta. Mutane sun fara kewar gida, wasu har sun soma naɗe barguna. Ignas ya tuna gida. Kujerun kicin uku suka tsaya masa a ido, da bokitin kwal. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ban yarda ba!"

Kowa ya juyo. Yawancinsu ranar suka fara jin muryarsa.

"To, faɗi dalilinka, ɗan'uwa," in ji Dewey.

Dalili kuwa Ignas bai tanada ba. Ya yi ta raba ido, zufa na keto masa, har idonsa ya sauka a kan banɗakunan da ke kusurwa, waɗanda kamfani ya cire wa ƙofofi tun bara don foman ya ga mai daɗewa.

"Ƙofofi!" ya ce, yana nunawa da yatsa. "Mu awaki ne? Mutum da 'ya'yansa biyar ya tsuguna, Mista Crane na tsaye a kansa da agogo a hannu?"

Wurin ya ɓarke da ihu. Ashe abin ya daɗe yana cin kowa, kunya ce ta hana a faɗa. Masu naɗe barguna suka warware. Aka ɗaga Ignas sama aka zagaya da shi, kansa ya bugi bututun ruwa sau biyu, bai ko ji ba.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Rana ta goma sha shida kamfani ya yarda da ƙofofi, Ignas ya miƙe ya ce minti goma sha biyar na cin abinci ko kaza ba ya isarta. Rana ta ashirin da uku aka mayar da shi rabin awa, Ignas ya ce to, a daina kiran mutane "kai ɗan Poland" da "kai baƙauye," kowa uwarsa ta raɗa masa suna. Shi dai neman abin da zai tsawaita zaman yake yi, amma duk inda ya jefa hannu a wannan kamfani sai ya damƙo ƙorafi na gaskiya. Aka sa shi cikin kwamitin sulhu. Wata jarida ta buga hotonsa yana leƙe ta taga da ludayi a hannu, ta rubuta a ƙasa cewa ga mutumin Moscow, ɗan kwaminis, da ke juya ma'aikatan Harlan-Boyce.

Har wani ɗan takarar majalisar birni, Mista Orville Tisdale, wanda ya yi alkawarin share ɓarayi daga ofishin magajin gari, ya zo da mota mai lasifika ya tsaya a ƙarƙashin tagar. Ya ce shi da gwarzon talakawa Mista Bilak (haka ya kira sunan) tamkar ɗan'uwa da ɗan'uwa ne, ya roƙi gwarzon ya ɗaga wa jama'a hannu. Ignas na riƙe da igiyar tukunyar miya a lokacin. Mutum ne mai ladabi, sai ya ɗaga hannu biyu. Mista Tisdale ya ƙarasa jawabin gyaran siyasa da wake a kan hularsa, kuma an ce ranar ce kaɗai aka tafa masa da gaske.

Mutum ɗaya ce duk wannan bai ruɗa ba. Kullum da la'asar mata kan zo ƙarƙashin tagogi su gaisa da mazansu, suna takawa cikin ƙanƙara. Rozalia ta zo da autansu a kafaɗa, ta ɗaga kai.

"Ignas! Leƙo in gan ka."

Ya leƙo, ya marairaice fuska. "Ga ni, Rozalia. Muna dai shan wahala."

"Wahala? Juyo da fuskarka wajen haske. Mijin Stella maƙwabciyarmu ya rame kamar tsinke, kai wuyanka ya yi ninki biyu."

"Kumburi ne. Sanyi ke kawo shi."

"Ni za ka yi wa? Shekara goma sha huɗu ina wanke maka wando, ban taɓa jin ka ce wa kare tafi can ba. Yau kai ne mutumin Moscow? Kai da ko Toledo aka aike ka sai ka ɓata?"

Matan da ke kusa suka ƙyalƙyale da dariya. Ignas ya ce ana kiransa taron kwamiti, ya ja kansa ciki.

"Je ka, maigida," ta ɗaga murya. "Komai nisan jifa!"

A mako na biyar gwamna ya ƙi aiko sojoji, ya aiko wakilinsa, wani tsoho mai sanƙo da ciwon ciki, don ya sasanta. Aka zauna a ofishin manaja Mista Whitcomb. A lokacin ƙorafe-ƙorafen Ignas sun ƙare ƙaf. Da aka zo kansa, ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce ɓeraye sun yi yawa a sito, a kawo kyanwa.

Mista Whitcomb ya bugi tebur. "Kyanwa! Motoci dubu nawa muka yi asara, a ce min kyanwa!"

Wakilin gwamna ya haɗiyi ƙwayar maganinsa, ya dubi Ignas da idon gajiya. "Mista Bielak, tsakaninka da Allah, me kake so? Faɗa mini abu ɗaya da in an ba ka za ka tafi gida."

Kalmar gida ta doki Ignas a ƙirji. Idonsa ya ciko da ƙwalla. "Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "ni dai so nake mutum in ya kwanta, ya tashi a inda ya kwanta."

Tsohon ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa jin an faɗi halin ma'aikaci a taƙaice haka ba, ya sa sakatarensa ya rubuta. Ya fassara maganar da cewa kada a ƙara korar mutum daga aiki ba tare da dalili ba, kuma da wannan fassarar ya matsa wa kamfani har ya sa hannu. Dewey ya rungume Ignas a kan matakala yana kuka, ruwan taba na zuba masa a kafaɗa.

Ranar Juma'a, kwana talatin da takwas da fara zaman, Dewey ya karanta yarjejeniyar. Kamfani ya amince da ƙungiya. An rage gudun layi, an ƙara albashi, ga ƙofofi, ga rabin awa, ga sunaye, ga kyanwa har biyu. Ya ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar gonar dawa. Ya ce waɗanda ba su yarda ba. Hannu ɗaya ya tashi daga tagar baya ta motar Regent.

Mutane suka yi dariya, suka ce Bielak ba ya gajiya, namijin duniya ne. Aka yanke waldar ƙofa, aka fita a jere ana waƙa, mata na guɗa, 'yan badujala na kiɗa, Feliks a cikinsu yana busa abin da babu wanda ya gane. Da wurin ya watse, Mista Whitcomb da Mista Crane suka shigo duba ɓarna. Ba su ga ɓarna ba, sai takalma biyu a ajiye tsaf a gefen Regent.

Mista Crane ya leƙa. "Kai ɗan Po... Mista Bielak. An gama yajin."

"Nawa bai ƙare ba."

"Me kuma kake nema?"

"Ina tunani."

Mista Whitcomb ya so ya kira 'yan sanda, amma tawadar yarjejeniyar ba ta bushe ba, ga 'yan jarida a bakin ƙofa da kyamarori. Ba kuma yadda za a tayar da layi, don Regent ce a kan gaba. Aka kirawo Dewey, ya roƙa, ya yi magiya, ya ambaci haɗin kan ma'aikata. Ignas ya ɗaga gilashi. Dewey ya tsaya yana tauna, can ya ce, "Ku jira ni. Na san maganinsa."

Bayan rabin awa sai ga Rozalia da tsumman kicin ɗaure a ƙugu, hannu duk garin fulawa, muciya a dama. Mazan uku suka dare mata hanya. Ta fizge ƙofar motar.

"Fito, mutumin Moscow."

Ignas ya matsa can ƙurya. Ta sa gwiwa a kan kujerar don ta cafko kunnensa, sai gwiwar ta nutse. Ta tsaya. Ta danna da tafin hannu, kujerar ta lotsa ta dawo. Ta sake dannawa.

"Wannan ce?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ita ce," in ji Ignas.

Ta juya ta zauna. Ta jingina. Wani dogon numfashi ya fita daga ƙirjinta, irin wanda ya shekara goma sha huɗu yana neman hanya. Ta ajiye muciya, ta tuɓe takalma da ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Fita," ta ce.

Ignas ya fita ta ɗaya ƙofar, yana zaton za ta biyo shi. Sai ya ji ƙaras, ta danna makulli. Ta sauke gilashi kaɗan.

"Akwai kabeji a kwando. Babciya ba ta cin gishiri. Auta na tari, a shafa masa man kafur. Wanki na cikin baho tun jiya." Ta ɗaga gilashin, ta ja bargonsa ta rufa.

"Uwargida! Madam!" Mista Whitcomb ya yi ta ƙwanƙwasa gilashi. "Wannan dukiyar kamfani ce! Ke ba ma'aikaciya ba ce!"

Amsar da ya samu minshari ne.

Kwana biyun da Ignas ya yi a gida ba ya son a tuna masa da su. Ya ƙona kabeji har mahaucin ƙasa ya hau da bokitin ruwa. Ya manta ya zuba gishiri, Babciya ta ce ya yi niyyar kashe ta don ya gaji gadon ƙarfe. Ya dafa rigunan yara tare da jan siket ɗin babbar 'yarsa, duk mazan gidan suka je coci ranar Lahadi da riguna ruwan hoda. Maƙwabta na tare shi a hanya suna jinjina wa gwarzon talakawa, shi kuwa yana riƙe da fo ɗin auta a bayansa.

Rozalia ba ta farka sosai ba sai Lahadi da azahar. Ta tarar da Mista Whitcomb zaune a kan akwati a gefen motar, gemu ya tsiro masa, kyanwa ɗaya na kan cinyarsa. Ta sauke gilashi ta nemi kofi, aka kawo da gudu. Tana sha tana shafa gefen kujerar, sai yatsanta ya ci karo da wani zare.

"Wa ke yi muku ɗinkin nan?"

"Ƙwararru, madam. Don Allah ki fito, gobe Litinin."

Ta ja zaren. Ɗinkin ya warware tun daga wannan gefe har wancan, auduga ta leƙo.

"Ƙwararru," in ji Rozalia. "Nawa kuke sayar da motar nan? A'a, kada ka faɗa, zan ji kunya a madadinka. Kawo allura."

Cikin minti ashirin ta mayar da ɗinkin. Mista Whitcomb ya ja da hannu biyu, ɗinkin bai motsa ba. Ya tambaye ta me take so ta fita. Ba ta sosa ƙeya ba, ba ta ambaci kyanwa ba. Ta ce a ba ta aiki, keken ɗinki ɗaya a sashen mata, kusa da taga, daga gobe. Ya sa hannu a bayan ambulan, a kan murfin injin.

Ranar Litinin miji da mata suka shiga ƙofar kamfani tare, kowa da gwangwanin abincinsa, aka bar wa Feliks kicin da yara, ya ajiye begila don dole. Kafin a tashi Rozalia ta karɓi katin ƙungiya. Kafin ƙanƙara ta narke matan ɗinki sun zaɓe ta wakiliyarsu, kuma da aka haɗe sashen ɗinki da na kujeru, duk mai ƙorafi a wurin sai ta hannunta.

Wata rana Mista Crane ya mayar da Ignas kusa da babbar ƙofa, inda iska ke shigowa tana dukan wuya. Ignas ya jira lokacin cin abinci ya je teburinta. Akwai mutum shida a gabansa, ya bi layi.

"Suna?" in ji Rozalia, ba ta ɗago ba.

"Haba, Rozalia."

"A nan 'yar'uwa Bielak nake. Suna?"

"Ignas Bielak."

"Rubuta ƙorafinka a takarda uku, ɗaya tawa, ɗaya ta foman, ɗaya ta ofis."

"Ba sai in faɗa miki a gida ba?"

"A gida ba na aikin ƙungiya. Na gaba!"

Ignas ya rubuta, ya kawo. Ta mayar masa saboda bai sa kwanan wata ba. Ya gyara ya sake kawowa. Da ta tashi kuwa, ta je ta tsaya a kan Mista Crane minti huɗu cur, har masu fenti suka bar aiki suka leƙo. Washegari aka mayar da Ignas wurinsa na da, Mista Crane da kansa ya ɗauko masa akwatin kayan aiki.